Gemu Ba Ya Hana Ilimi, Amma Ta Wace Ƙofa Mai Gemu Zai Shiga?

Hausawa sun ce gemu ba ya hana ilimi, kuma ban ga wanda zai ja da wannan magana ba. Sai dai karin maganar ta tsaya a rabin hanya, domin ba ta gaya mana ta wace ƙofa mai gemun zai shiga ba. Magidanci ɗan shekara 50, mai mata biyu da 'ya'ya da jikoki, wanda ake tashi a ba shi kujera idan ya iso wurin ɗaurin aure, da wuya ya ɗauki littafin 'yan aji ɗaya ya zauna a kan benci yana maimaita baƙi da wasali yaran unguwa suna leƙensa ta taga. Yana son ilimin, kunya ce take riƙe masa ƙafa. Tun da na dawo daga Ingila na zauna a nan Akurba, a gefen garin Lafiya, wannan lamari yake ci mini tuwo a ƙwarya. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, wurin da na fara ganin an yi wa wannan ciwo magani da gangan, wurin Yahudawa ne.

Na san da jin wannan suna wasu za su ɗaure fuska. Abin da ke faruwa a Falasɗinu yana taɓa zuciyar kowa, har da tawa, amma maganarmu ta yau ba ta gwamnati ko ta soja ba ce. Magana ce a kan wata al'umma da ta shafe ɗaruruwan shekaru a warwatse cikin ƙasashen mutane, ta ga manyanta sun tashi ba su iya karanta littafin kakanninsu ba, sannan ta zauna ta nemi dabarar dawo da su. Mu da muka yi zaman ƙetare muka haifi 'ya'yan da Hausarsu ke ɗingishi, mun san irin zafin wannan abu.

A birnin Manchesta na yi zamana, a unguwar Cheetham Hill, inda Musulmi suke da yawa, kuma da ka ƙara gaba kaɗan ta arewa sai ka shiga unguwanni irin su Prestwich inda Yahudawa suka fi yawa. A wurin aikinmu akwai wata mata Bayahudiya, ta haura shekara 50, wadda duk ƙarshen watan Disamba, lokacin da kowa ke shirin hutun Kirsimeti, ita sai ta ɗaure jakarta ta ce za ta makaranta. Wata rana na ce mata, wace irin makaranta ce ake buɗewa ranar da ake rufe sauran? Sai ta yi dariya ta ba ni labarin wani taro da suke kira Limmud.

Wasu malaman makaranta Yahudawa ne suka fara shi a Ingila a shekarar 1980, da mutanen da ba su wuce 80 ba. Daga baya ya bunƙasa har ya zama dubban mutane ke halarta, ana yin kwanaki ana karatu tun safe har dare, kuma an kwaikwaye shi a ƙasashe masu yawa, har da Afirka ta Kudu. Ƙa'idarsu ita ce kowa ɗalibi ne, kuma kowa yana iya zama malami. A katin suna da ake rataya wa mutum ba a rubuta masa farfesa ko dakta ko wani laƙabi. A ɗaki ɗaya wani babban malami yana fassara littafin shari'arsu, a ɗakin da ke kusa wata mai sayar da magani tana bayani a kan wani littafin labari da ya fito bana, a na gaba kuma ana sauraron waƙa ana tsinke baitocinta ɗaya bayan ɗaya. Matar nan ta ce mini ita ba ta iya Ibrananci sosai ba, kuma da a ce littafin addini aka fara miƙa mata da tuni ta gudu. Waƙa ce ta ja ta, daga waƙar ta nemi sanin inda mawaƙin ya samo maganarsa.

Kalmar Limmud kanta ma'anarta koyo. Daga tushenta aka samo sunan babban littafinsu Talmud, da kalmar talmid wato ɗalibi, wadda duk wanda ya zauna a gaban malamin zaure zai ji ƙanshin tilmiz na Larabci a cikinta. Ɗakin karatunsu kuwa suna ce masa bet midrash, wato ɗan'uwan madarasa ke nan, kuma ɗan'uwan darasi da muke faɗa kullum a Hausa. Suna da wata tsohuwar hanyar karatu da suke kira habruta: mutum biyu su sa littafi ɗaya a gaba, wannan ya karanta, wancan ya ja da shi, su yi ta gardama har ma'ana ta fito. Ba a ɗaukar gardamar a matsayin rashin ladabi, ita ce karatun.

Da na bi diddigin abin, sai na tarar tushensa na zamani yana komawa ga wani Bayahuden Jamus mai suna Franz Rosenzweig, wanda aka haifa a 1886 ya rasu a 1929. Ya tashi a gidan 'yan boko da suka yi nisa da addininsu, har a 1913 saura ƙiris ya koma Kirista, sai ya fasa. A 1920 ya buɗe wani gidan karatu na manya a birnin Frankfurt. Tunaninsa shi ne, mutanen dā suna tasowa daga cikin Attaura su fita zuwa rayuwa, amma mutanen zamaninsa sun riga sun yi nisa a waje, don haka dole a juya tafiyar: a fara daga inda mutum yake tsaye, daga sana'arsa da littattafan da yake karantawa da tambayoyin da ke damunsa, sannan a taka da shi sannu a hankali zuwa tsakiyar gida. Cikin masu koyarwa a gidan akwai likita, akwai masanin kimiyyar sinadarai, akwai kuma manyan masana irin su Martin Buber. Ciwon shanyewar jiki ya kama Rosenzweig a 1922, amma bai daina aiki ba har ya rasu. Buber ya sake buɗe gidan a 1933, shekarar da Hitila ya hau mulki, aka ci gaba da karatu cikin tsanani har 1938.

Wannan tunani bai mutu ba. A 1989 wata mata mai suna Ruth Calderon da abokan aikinta suka kafa wani ɗakin karatu mai suna Elul a Birnin Ƙudus, inda masu riƙo da addini da waɗanda ba ruwansu da ibada, maza da mata, suke zama su karanta Talmud gefe da gefe da rubutattun waƙoƙin zamani. A fagen kiɗa kuwa, ga misalin Leonard Cohen, mawaƙin nan ɗan Kanada da ya rasu a 2016. Waƙarsa ta 1974 mai suna Who by Fire ya gina ta ne a kan wata tsohuwar addu'a da Yahudawa ke yi a manyan ranakunsu na tuba. Mutum zai shekara 20 yana jin waƙar a rediyo bai san haka ba, ran da aka ajiye masa waƙar da addu'ar a kan tebur ɗaya, ran nan ya zama ɗalibi. Haka kuma a 1980 wani saurayi a Amurka, Aaron Lansky, ya shiga tattara littattafan harshen Yidish da jikoki ke zubarwa a shara saboda ba su iya karanta su ba, har cibiyarsa ta ceto sama da littafi miliyan ɗaya.

Duk da haka tsohuwar hanya tana nan daram. Tun 1923 suke da wani tsari na karanta warƙa ɗaya ta Talmud kowace rana, warƙa 2,711, abin da ke cin kusan shekara bakwai da rabi kafin a yi sauka, kuma a watan Janairu na 2020 dubun-dubatar mutane suka taru a wani filin wasa a Amurka don bikin saukar. Waƙa da labari ƙofa ce, ɗakin yana can ciki.

Ba sai an je Turai za a ga irin wannan ba. Daga nan Lafiya, idan ka bi ta Akwanga da Keffi ka doshi Abuja, a unguwar Jikwoyi akwai majami'ar Gihon ta Yahudawan Nijeriya, akasarinsu 'yan ƙabilar Ibo. Da yawansu da girmansu suka shiga wannan addini, daga coci suka fito, kuma hukumomin addini na Isra'ila ba su amince da su a matsayin Yahudawa ba. Amma sun koyi baƙaƙen Ibrananci da gemunsu, ta hanyar intanet da kwafin takardu da littattafan da aka aiko musu daga ƙetare, sannan suka ɗora addu'o'in a kan karin waƙa irin na gida don su zauna musu a ka. An yi fim a kansu a 2012, kuma a 2013 Farfesa William Miles ya fitar da littafi a kansu mai suna Jews of Nigeria. Shi wannan Miles Bayahude ne ɗan Amurka, ya yi aikin sa-kai a Magarya ta Jamhuriyar Nijar a ƙarshen shekarun 1970, yana jin Hausa, kuma shi ne ya rubuta Hausaland Divided a 1994, inda ya kwatanta ƙauyen 'Yardaji na Nijeriya da Yekuwa na Nijar. Duniya ke nan, ƙarama ce.

To mai karatu, yanzu mu dawo gida, domin a nan ne abin ya fi ba ni haushi da daɗi gaba ɗaya. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta dubi matan ƙauye, matan aure da tsofaffi waɗanda ba za su iya barin gida su zauna a makaranta ba, sai ta tsara karatu cikin waƙa, da Fulatanci da Hausa. Ta naɗa jagorori mata da ake kira jaji, ta ba su malfa, su zo wurinta su ɗauki waƙa su koma su koya wa mata a garuruwansu. Su ne 'Yan Taru. Mace tana daka tana rera waƙar, tana kaɗi tana rerawa, ilimin tsarki da tarihi da kyawawan halaye yana shiga ba tare da an ce mata jahila ba. Shekara da yawa kafin a haifi Rosenzweig aka yi wannan a Sakkwato. Haka Imfiraji ta Aliyu Namangi ta shiga lungu-lungu a bakin makafi masu bara, mutane suka haddace wa'azi mai zurfi suna tsaye a ƙofar gida.

A zamanin boko ma haka abin ya kasance. Da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a watan Janairu na 1939, Abubakar Imam yana edita, mutum ɗaya ne zai karanta a dandali goma su saurara, cikin goman nan kuwa ba a rasa wanda zai ji kishin ya iya karantawa da kansa. A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura Yaƙi da Jahilci, kuma masu tsara shi sun gane cewa wanda ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba, zai mance. Shi ya sa hukumar NORLA ta riƙa buga ƙananan littattafai da jaridun larduna, irin su Sodangi a Kano, Himma a Katsina, Zaruma a Sakkwato da Bazazzaga a Zariya. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano, wadda har ta sami yabo daga UNESCO.

Daga irin waɗannan azuzuwa ne aka sami wasu daga cikin marubutan da suka cika kasuwa da littattafan da ake kira na soyayya. Hajiya Balaraba Ramat Yakubu an cire ta daga makaranta tana ƙarama aka yi mata aure, da girmanta ta koma karatu, ta zo ta rubuta Wa Zai Auri Jahila? da Alhaki Kuykuyo Ne, wanda aka fassara zuwa Turanci a 2012. Ado Ahmad Gidan Dabino, mai In Da So Da Ƙauna, shi ma ta ajin manya ya shiga boko. Allah kaɗai ya san yawan matan aure da suka daure suka koyi haɗa baƙi don kawai su daina jiran wata ta karanta musu ƙarshen labari. Amma me muka saka wa waɗannan littattafai da shi? Aka yi musu laƙabi da adabin kasuwa, masana irin su Ibrahim Malumfashi da Abdalla Uba Adamu suka yi ta fafatawa a jaridu a kan darajarsu, har a 2007 aka tara wasu aka cinna musu wuta a Kano. Ban ce duk abin da ke cikinsu alheri ne ba. Amma inda wasu suka ga ƙofa suka kafa mata ƙyaure da fitila, mu toshe ta muka so yi.

Bari in ba ku labarin ɗan abin da muka gwada a nan unguwarmu. Akwai wani dattijo maƙwabcina, tsohon direban babbar mota, wanda ya yi shekaru yana ɗaukar doya daga nan zuwa Kano. Kullum sai ya miƙa wa yaro wayarsa ya ce a nemo masa sunan wane. Na ce masa, "Baba, da za ku yarda da mun zauna mun ɗan duba baƙaƙen nan tare." Sai ya ce, "Haba ɗana, ni da jikoki takwas za ka sa ni ina a, ba, ca? Ai sai a yi da ni a gari." Na bar maganar.

Bayan 'yan kwanaki, muna zaune a ƙofar gida bayan sallar Isha'i, mu biyar da wani tela da wani mai sayar da agushi, sai na kunna waƙar Karen Mota ta marigayi Ɗan Maraya Jos a waya. Kafin kuntigin ya yi nisa Baba ya gyara zama. Na ce akwai abubuwan da ban gane ba a cikin waƙar, ko zai yi mana bayani. Daren nan muka sha karatu: mene ne aikin yaron mota, yadda ake dirowa a sa weji idan mota ta ƙi hawa a tsaunin nan na tsakanin Akwanga da Nasarawa Eggon, yadda yaro yake shekaru yana wanke mota kafin a bar shi ya taɓa sitiyari, da abin da ya sa wasu ke lalacewa a tasha. Tela ya ja da shi a kan wata fassara, suka yi ta yi har aka mayar da waƙar baya sau uku. Ni kuma ina gefe ina rubuta kalmomin da Baba ke faɗa da manyan baƙaƙe a bayan wata tsohuwar kalanda. Da zai tashi sai ya ɗauki takardar ya ce, "Wanne ne mota a nan?" Na nuna masa. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ninke ya sa a aljihu.

Yau wata bakwai ke nan muna zama duk daren Laraba. Mun bi ta kan Shata, mun taɓa Narambaɗa, mun saurari Aminu Ala. Baba bai iya karanta jarida ba tukuna, amma yana nemo sunayen 'ya'yansa a waya da kansa, kuma ranar da aka kawo takardar kuɗin wuta shi ya gano ba lambar gidansa ba ce a jiki. A cikin gida kuma uwargidana da matan maƙwabta suna karanta Wa Zai Auri Jahila? ranar Asabar da la'asar, shafi-shafi ana zagayawa, wadda ba ta iya ba ta bi da yatsa. Labarin yarinyar da aka cire daga makaranta aka yi wa auren dole ya ta da gardamar da ta kai su ga tambayar mene ne ainihin hukuncin addini a kan tilasta wa 'ya aure, har suka aika aka tambayo malami. Ka ga labari ya kai su ga littafi ke nan.

Abin da na fahimta daga wannan ɗan gwaji bai wuce uku ba. Na farko, babba ba ya son ya zo wuri hannu rabbana. Idan aka fara da abin da ya fi kowa sani, sai ya zo a matsayin mai bayarwa, daga nan karɓa ba ta yi masa nauyi. Na biyu, dole a ajiye laƙabi a waje, domin da zarar an ce wane ne malami saura ɗalibai, masu furfura za su janye. Na uku, waƙa ita kaɗai ba ta isa ba. Idan ba a sami wanda zai rubuta, ya yi tambaya, ya ce a koma baya, ya kawo littafi a ƙarshe ba, to hira ce kawai aka yi, kuma hira ba mu rasa ta ba a ƙasar nan.

Lafiya gari ne na taron ƙabilu: Barebari da Alago da Eggon da Gwandara da Migili da Tibi da Fulani da Hausawa, kuma Hausa ce ke haɗa kowa a kasuwa. Amma da yawa daga cikin zuriyar Barebarin da suka kafa garin da Hausa suka tashi, kuma ana jin iyaye na sauran ƙabilu suna kukan 'ya'yansu ba sa mayar musu da magana da harshen gida. Halin da 'ya'yana suka shiga a Manchesta, shi wasu ke shiga a nan ba tare da sun hau jirgi ba. Kowace ƙabila a cikin waɗannan tana da waƙoƙin biki da na noma da na makoki waɗanda tsofaffi ke riƙe da su a ka, kuma duk tsohon da aka binne an binne wani kaso tare da shi. Wayar da ke hannun kowa tana iya naɗar murya, takarda da biro kuwa ba su fi ƙarfin kowa ba.

Don haka ina kira ga 'yan'uwa, musamman waɗanda suka dawo daga ƙetare suna tunanin wane babban aiki za su yi wa gida: kafin a kai ga gina makaranta, a gwada tabarma ɗaya da waƙa ɗaya da mutum biyar. A zaɓi dare ɗaya a mako kada a saɓa. A bar dattijon da ya fi kowa sanin zancen ya yi bayani, wani kuma ya riƙe biro. Wanda ya gwada a garinsu, ko yake da labarin wani wuri da ake yin irin haka, ina so in ji yadda ta kaya. Allah ya ƙara mana ilimi mai amfani, ya sa mu dace. Sai wani jiƙon.